Zagayen Birnin Kano a Cikin Tsohuwar Starlet

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ƙananan motocin da ake yi wa kallon raini a Kano suka yi daraja. Masu manyan motoci da yawa suka jingine su, aka shiga neman wadda za ta kai mutum kasuwa ta dawo da shi ba tare da ta yashe masa aljihu ba. Cikin waɗanda aka waiwaya har da Toyota Starlet. Sai dai mafi yawan waɗanda suka rage a gari sun ji jiki: wasu sun yi tasi shekara da shekaru, wasu an koyi tuƙi da su har kuloci ya gaji, wasu kuma an sauya musu inji an haɗa musu waya ta ko'ina. Da na sami labarin wata a Gandun Albasa, wajen wani dattijo tsohon malamin makaranta, wadda ba a taɓa buɗe injinta ba, sai na nemi alfarmar mu zaga gari da ita, ni da shi da bakaniken da ke duba masa ita.

Toyota ta ƙera Starlet daga 1973 zuwa 1999, sannan Yaris ta gaje ta. Wadda ake sayarwa sabuwa da wannan suna tun 2020 wata mota ce daban, Suzuki Baleno ce aka liƙa wa tambarin Toyota. Ta Malam 'yar 1994 ce, ja, mai ƙofa 5 da giyar hannu 5. Injinta 2E-E ne, cc 1,295, silinda 4, bawul 12, kuma mai nozul, wato fesa masa fetur ake yi, ba kafireto ba. Tsawonta mita 3.72, faɗinta mita 1.6, nauyinta bai kai tan 1 ba da saura mai yawa, tankinta na cin lita 40. Daga Turai ta fito, ta biyo ta Kwatano kamar sauran 'yan uwanta.

Mun isa gidan bayan an sauko daga sallar asuba, kuma da dalili. Tsohuwar mota da sanyin safiya take faɗin gaskiya, shi ya sa dillali mai wayo ke tashin mota ya bar ta ta yi zafi kafin mai saye ya zo. Bakaniken ya ɗaga bonet, ya fara ɗora hannu a kan inji ya ji sanyi ƙalau, sannan ya kwance murfin baƙin mai ya juya cikinsa. Idan aka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo a nan, ruwa na haɗuwa da baƙin mai, kuma sau da yawa gaskit ne ya ƙone. Nata baƙi ne tsaf. Ya zaro geji, mai yana tsakanin alamomin biyu. Ya buɗe murfin lagireto, abin da ba a yi sai inji na da sanyi, muka ga ruwan kore ne, ba jan tsatsa ba. Wannan kaɗai ya isa a san irin mai motar. Ruwan rijiya da na burtsatse da aka saba ɗurawa suna barin ƙasa da tsatsa a siraran bututun lagireto, su ci fuka-fukin famfon ruwa, har mota ta fara zafi ba a san daga ina ba.

Bakaniken ya ce, "Baba, a tashe ta, kada a taɓa totur."

Murɗa makulli ɗaya ta kama. Silo ya ɗan yi sama na 'yan mintuna, ya sauko da kansa, haka ya kamata mai nozul ta yi. Ni na tsaya a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa: idan da tashi kawai ya fito ya ɗauke, robobin bawul ne suka bushe, gyara mai sauƙi, idan ya ci gaba duk lokacin da aka taka totur, ringi ne, sai an sauke inji. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, gaskit. Daga tata ɗan tururi ne ya fito ya ɓace. Bakaniken ya sa mita a batir: kafin tashi 12.6, bayan tashi 14.1. Duk abin da ke tsakanin 13.8 da 14.4 na nuna altaneto na caji yadda ya dace.

Bodi ya fi inji ɗaukar mu lokaci, domin inji ana samun wani a kasuwa, ruɓaɓɓen bodi kuwa ba shi da magani na gaskiya. A Turai ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan ne ke cin ƙasan motocin da ake kawo mana. Bushewar iskar Kano tana rage wa tsatsa gudu, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Wuraren dubawa sanannu ne: dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, bakin ramin tayoyin baya, ramin safaya a cikin but, ƙarƙashin kafet ta wajen ƙafar direba, da kan shokazoba na gaba a cikin bonet. Bakaniken ya naɗe ƙaramin maganaɗisu a tsumma yana bin jikin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya sulale, fanelbita ya cike wurin da foti an yi fenti a kai. Wuri ɗaya ya samu, faɗin tafin hannu a ƙofar baya ta dama, Malam ya ce mai a-daidaita-sahu ne ya goge shi. Rufin motar da bonet sun koɗe, jan ya koma ruwan hoda, kuma a wurina wannan ya fi sabon fenti mai sheƙi kwantar da hankali. Tsohon fenti ba ya ɓoye komai. Dashbod bai tsage ba, abin da ba kasafai ake gani ba a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. A ƙarƙashin rumfa take kwana, idan kuma za ta yini a rana sai ya shimfiɗa tsohon bargo a kai.

Lambar kilomita da ke kan agogo ba abin dogaro ba ce, ana iya juya ta baya. Robar fedar kuloci da ta birki, sulɓin sitiyari, da yadda kujerar direba ta lotsa sun fi ta gaskiya. Kafin mu fita na gwada lambar casis da ke jikin motar da wadda ke takardun kwastan da lasisi, harafi da harafi, na kuma duba inshora. Wanda zai bi titunan da 'yan KAROTA da VIO ke tsayawa, gara ya gama wannan tun a gida.

Muka fito muka hau Zoo Road gari bai gama cika ba. A nan na gwada kuloci: a sa giya ta 4 mota na tafiya kamar 40, a taka totur har ƙasa. Idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Nata ya riƙe, ta ɗan yi nishi ta ja a hankali. Giya na shiga ba gurnani, har daga ta 3 zuwa ta 2, inda tsofaffin giyoyi suka fi yin ƙara. Daga Dangi muka miƙe titin Zariya zuwa Ƙofar Nasarawa, muka shiga cikin gari.

A cikin ganuwa ne mutum ke gane dalilin da ya sa ake son irin wannan mota. Babban titin da ya wuce ta Ƙofar Kudu da Gidan Makama ba shi da matsala, amma da ka karkata ka bar kwalta, ka shiga hanyoyin da aka fitar tun zamanin da jaki da mai tafiya a ƙasa ne ke bin su, ga kwata a gefe, ga dakali ya shigo hanya, ga mai kura da jarkokin ruwa. Malam ya sa na shiga wani lungu da ke kai wa gidan 'yar uwarsa, inda babbar mota sai dai a ajiye ta a bakin titi a taka. Starlet ta shige, madubi bai taɓa bango ba. Gilasanta manya ne, ginshiƙanta sirara, direba na ganin ƙarshen bonet da yaron da ya ɓullo daga zaure. Sitiyarin ba mai fawa ba ne, amma bai yi nauyi ba, saboda tayoyin siraran nan ne na asali masu rim 13. Samari kan cire su su sa rim 15 da faffaɗar taya don ado. Sakamakon shi ne sitiyari ya yi tauri, taya ta riƙa gogar bodi a kwana, boris da bushin su mutu da wuri, mai kuma ya ƙara tafiya.

A wani ɗan fili gaban masallaci muka juya, bakaniken ya ce in murɗe sitiyari har ƙarshe in tafi a hankali, dama sannan hagu. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas a irin wannan juyi na nufin kan shaf ya ci. Abin da ke kashe shi kuwa ƙaramin abu ne: robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Roba ba ta da tsada, shaf na da ita, amma sai mutum ya sunkuya zai ga yagewar. Babu ƙara. Abin da na ji shi ne ɗan bugu daga gaba duk sanda na saki kuloci a giya ta 1.

Na ce da bakaniken, "Oga, ka ji wannan?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Robar zaman inji ce ta baya. Ba ta yanke ba tukuna, amma ta kusa."

Daga Mandawari muka bi Sabon Titi zuwa Tal'udu, muka hau titin Aminu Kano. Tudun rage gudu ba ya ƙarewa a hanyoyin nan, kuma shi ne ke tona asirin shokazoba. Mai lafiya kan sauka daga tudu ta zauna sau ɗaya. Wadda ta mutu sai ta yi ta lilo. Bayan Starlet ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, kuma motocin da suka yi tasi, mutum 4 a baya ga buhu a but, ƙarfen kan lanƙwashe, sai ka ga tayar baya tana cinyewa ta gefe ɗaya, kuma babu saitin da zai gyara. A tsaya a bayan mota daga nesa a dubi tayoyin, idan sun buɗe ƙafa an san tarihinta. Na Malam a miƙe suke.

A gangaren da ke gindin Goron Dutse na tsaya na ja birkin hannu. Ya yi ta ƙara har ya kusa ƙurewa kafin ya kama, da na saki birkin ƙafa kuma motar ta ɗan sulale. Bai kamata ya wuce ƙara 7 ko 8 ba. Birkin gaba na faifai ne, na baya na ganga, kuma birkin hannu da na bayan yake aiki. Bakaniken ya leƙa bayan tayar hagu ya shafo danshi a yatsa, ya shinshina. Man birki ne. Ƙaramar silindar da ke cikin gangar ta fara yoyo, man ya jiƙa takalmin birki, jiƙaƙƙen takalmi kuwa ba ya kamu ko an ɗaure waya. Wannan ciwon motar da ba a yawan hawa ne. Man birki na shan danshin iska, shi ya sa ake son a sauya shi duk shekara 2. Idan aka bar shi, ruwan da ya sha kan ci cikin silinda. Malam ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ƙari yake yi idan ya ragu. Raguwar man birki ita kanta alama ce, domin ba ƙonewa yake ba.

Tunda mun tsaya, muka duba tayoyi. Zanensu bai cinye ba, amma a gefen kowace taya akwai lamba 4 a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na gaba sun haura shekara 8, ga ƙananan tsaga a gefe. A zafin kwaltar Kano irin wannan taya kan fashe ba sallama. Haka zancen yake ga bel ɗin taimin. Ana sauya shi wajen kilomita 100,000, amma roba ce, tana tsufa ko mota na ajiye, don haka idan ya shekara 5 a cire shi ko da bai yi rabin tafiyar ba, a haɗa da boris ɗin da ke ɗaure shi, a duba famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin.

Wannan ya kai mu kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ƙarfen mota na duniya ke taruwa: injuna jere a ƙasa, ƙofofi a jingine, tulin giya, ƙarar guduma ta ko'ina. Sa'ar mai Starlet ita ce injin 2E ya zo a Corolla ta wancan zamani ma, saboda haka kayan inji ba sa wuya. Abin da ke wahalar samu shi ne kayan jiki: fitilar baya, robar ƙofa, marfin akwatin dashbod, hannun ɗaga gilas. Wanda motarsa ke da waɗannan cikakku ya riƙe su da kyau. Ga yadda masu sana'ar ke raba saye. Kik, altaneto, giya, ƙofa, fitila, robar zaman inji ta asali, duk gara na Beljiyam da sabo na jabu. Amma bel, takalmin birki, silindar birki, tiyon ruwa, tamostat da taya, ba a sayen tsofaffinsu ko da kyauta ne. Kuma a riƙa zuwa da tsohon abin a hannu a gwada, domin "daidai ne, Alhaji" ba ya hana a dawo. Muka sayi silinda biyu da takalmi na ɓangarorin biyu, don birki ba a gyara gefe ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba mota ta riƙa fizga idan an taka. A bakin kasuwar aka ɗaura su, aka fitar da iska daga kowace taya, aka fara da mafi nisa daga direba, har sabon man birki nau'in DOT 3 ya fito fari.

Wani mai shago ya leƙa cikin bonet ya ce da Malam, "Baba, har yanzu nozul ne? Kawo a mayar maka kafireto ka huta." Wannan shawara ta lalata motoci da yawa a garin nan. Gaskiya ne kafireto kowane bakanike ya iya shi, amma mota mai nozul da aka mayar ba ta komawa shan mai kaɗan kamar da, tana wahalar tashi da sanyi, ga wayoyin da aka yanke an bar su a sake. Yawancin abin da ake ɗora wa nozul laifi datti ne: matatar mai ta toshe, ko famfon da ke cikin tanki ya gaji. Famfon nan fetur ne ke sanyaya shi, don haka mai yawo da tanki a ƙasa kullum shi ke kashe nasa. Malam ba ya barin allura ta sauka ƙasa da kwata, kuma ba ya sayen man galan a bakin titi.

A titin Katsina na ɗan sake ta. Zuwa 80 lafiya lau, sitiyari ba ya rawa, da na taka birki ta tsaya a miƙe. Daga 100 sai ƙarar inji da ta iska su cika ciki, idan tirela ta wuce kuma sai ka ji ta ture ka gefe. Wannan ba ta da jakar iska, ba ta da ABS mai hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, ƙarfenta ba kauri. Ba zan ba kowa shawarar ya mayar da ita motar zuwa Kaduna ko Abuja da iyali ba. Motar gari ce.

Jarrabawa mafi tsanani muka bari sai bayan azahar: muka biyo ta Fagge muka faɗa gosulon Kantin Kwari. Tun da aka hana acaba a Janairun 2013, 'yan a-daidaita-sahu suka mamaye titunan nan, ga masu dako da dilolin atamfa a ka, ga motoci an ajiye layi biyu. Tafiyar taku goma, tsayuwar minti biyar. Idona na kan allurar zafi. Ta hau ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan, can sai muka ji fanka ta tashi, ta yi kamar minti ɗaya ta mutu, bayan wani lokaci ta sake tashi. Bakaniken ya yi murmushi. A motoci goma irin wannan da wuya ka sami biyu da fankarsu ke haka, domin abin da aka saba shi ne da mota ta sauka daga Kwatano a cire tamostat a yi wa fanka dairek, wai an yi su ne don ƙasar sanyi. Tamostat na buɗewa ne wajen digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin da ya dace da wuri ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, inji kan daɗe da sanyi musamman da hunturu, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur tana zaton ba a gama ɗumama ba, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi ya ci. Fankar da ba ta hutawa kuma tana ƙonewa, kuma ranar da ta ƙone a irin wannan gosulo babu abin da zai gaya maka sai tururi. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki. Murfin nan mai lamba 0.9 a jikinsa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, kuma ba shi da tsada. Idan allura ta haura, a kunna hita har ƙarshe, a sami gefe a kashe mota, kada a buɗe murfi, kada a kwara wa inji ruwan sanyi, don haka ne ke lanƙwasa tof, wato kan inji.

Zafin da motar ba ta ji ba mu muka ji shi, domin ba ta da AC, haka ta zo. Ana iya ɗaura mata, amma a ƙaramin inji irin wannan ana jin nauyinsa a totur da a tanki, kuma sai an ƙara kula da lagireto. Gilas muka sauke, ƙura da hayaƙi suka shigo son ransu. Ƙurar nan ita ce babbar abokiyar gabar inji a Kano. Da hunturu matatar iska kan cika cikin 'yan makonni. A riƙa cire ta ana kakkaɓewa, idan an ɗaga ta a rana haske bai ratsa ba a sauya. Masu huda ta ko su cire ta gaba ɗaya ƙasa suke ɗura wa fistin. Da damina kuma, musamman a Agusta da titunan gari ke cika, ruwan da ya haura rabin taya ba na Starlet ba ne. Inji na shaƙar ruwa ya tsaya cak, sandar fistin ta lanƙwashe.

A akwatin dashbod akwai wani ɗan littafi na 'yan makaranta da Malam ke rubuta komai da kwanan wata: baƙin mai 20W-50 kusan lita 3 da sabuwar filta duk kilomita 5,000 ko wata 6, fulogi, batir, har iskar taya da yake sawa 30. Yadda yake auna shan mai ma a rubuce yake: ya cika tanki har famfo ya yanke, ya rubuta kilomita, idan ya sake cikawa ya raba tafiyar da litar da ta shiga. Lissafinsa na cikin gari na yawo tsakanin kilomita 13 da 15 a lita. Da na bi shafukan ban ga inda aka rubuta bel ɗin taimin ba tun shekara 7 da suka wuce.

A hanyar komawa ta Ibrahim Taiwo bakaniken ya jera masa aikin da ya rage bisa gaggawa: bel da boris ɗinsa a makon nan, tayoyin gaba biyu sababbi masu lambar shekarar da ake ciki ko ta bara, sannan robar zaman inji. Fenti kuwa ya ce a bar shi yadda yake, a dai samu a wanke ƙasan motar bayan damina a shafe shi da mai hana tsatsa. Malam ya ce bel gobe da safe, taya sai fansho ya shigo, kuma kafin nan ba zai wuce 60 ba.